Jidda 1517: harin da ya ci tura, da akwatunan da suka rage

A cikin watan Afrilu na shekarar 1517 ne mutanen Jidda suka wayi gari da abin da suka yi fiye da shekara goma suna fargaba, wato ayarin jiragen ruwan yaƙi na ƙasar Fotugal, wanda ya taso tun daga birnin Gowa na Indiya a ƙarƙashin jagorancin gwamna Lopo Soares de Albergaria. Jiragen sun haura 30 a lokacin da suka baro Indiya, mutanen da ke cikinsu kuwa, Turawa da sojoji da matuƙan da suka ɗebo daga gaɓar Malabar, sun kai kimanin 3,000. Daga kudu suka ɓullo, suka gifta ta gaban gaɓar da a yau ake kira Khumra, wadda a wancan zamani ba kome a cikinta sai rairayi da gishiri. Tsakanin Jidda da Makka tafiyar kilomita 70 da 'yan kai ce, wato kwana biyu a kan raƙumi, saboda haka babu wanda ya jahilci abin da zai iya biyo baya idan har garin ya faɗi.

Khumra ta zamanin nan unguwa ce ta manyan ɗakunan ajiya da masana'antu a kudancin Jidda. A wannan gefen ne sansanin sojan ruwa na Sarki Faisal yake, inda rundunar Saudiyya mai tsaron Bahar Maliya ke da hedkwata, kuma a nan ne kasuwar gwanjo ta Sawarikh ta yi suna shekara da shekaru wajen sayar da tsofaffin kayan ɗaki. Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan yaƙin teku da gado da kujera? Amsar ita ce, a Bahar Maliya duk wanda ya so yin yaƙi sai da ya koyi yadda ake kwance katako a ɗauke shi a kai shi wani wuri a sake harhaɗawa, kama daga jirgi har zuwa abin kwanciya.

Barkono da alhazai

Kafin shekarar 1498, lokacin da Vasco da Gama ya kewayo ta ƙarshen Afirka ya isa Kalikut, kusan duk masoro da kirfa da kanumfari da citta da ake ci a Turai ta Bahar Maliya ko ta Tekun Fasha suke bi. Manyan jiragen Indiya a Jidda suke sauke kaya, domin daga nan zuwa arewa iskar da ke kaɗowa kusan duk shekara daga arewa take, ba ta barin babban jirgi mai filafilai ya wuce cikin sauƙi. Sai a mayar da kayan cikin ƙananan jirage zuwa Masar, daga can fataken Banis su saya su wuce da su Turai. Kuɗin fiton da ake karɓa a Jidda da Iskandariya na daga cikin ginshiƙan baitulmalin sarakunan Mamluk na Alƙahira, waɗanda a lokacin su ne masu hidimar Makka da Madina.

Turawan Fotugal ba su ɓoye niyyarsu ba ta toshe wannan hanya. A shekarar 1502, a tafiyarsa ta biyu, da Gama ya tare wani jirgi mai suna Miri a kusa da gaɓar Malabar, yana dawowa daga Makka ɗauke da ɗaruruwan mutane, maza da mata da yara, ya kwashe dukiyar da ke ciki, sa'an nan ya sa aka cinna masa wuta da mutanen a cikinsa. Labarin ya game duniyar Musulmi. Afonso de Albuquerque, wanda ya ci Gowa a 1510 da Malaka a 1511, burinsa ya wuce na ciniki, domin a littafin da ɗansa ya wallafa game da rayuwarsa an ambaci shawarar karkatar da kogin Nilu don a busar da Masar, da kuma ta kai farmaki Madina a yi garkuwa da kabarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har sai an ba su birnin Ƙudus. A 1513 ya gwada cin Adan, tsanukan da sojojinsa suka jingina a ganuwa suka karye saboda nauyin masu hawa, ya haƙura ya shiga Bahar Maliya, amma iska ba ta bar shi ya kai Jidda ba.

A lokacin nan, ya kamata a tuna, hanyar aikin Hajji ta mutanen Afirka ta Yamma ta riga ta kafu. Askiya Muhammadu na Songai ya sauke farali kimanin shekara 20 kafin wannan hari, kuma Muhammadu Kisoki ne ke kan gadon sarautar Kano sa'ad da jiragen suka tsaya a ƙofar Jidda.

Jirgi a kan raƙumi

Babbar matsalar Sarkin Masar Ƙansuh al-Ghauri, wanda ya hau mulki a 1501, ita ce rashin katako. Mamluk mahaya dawaki ne, teku ba fagensu ba ne, kuma ƙasarsu ba ta da dazukan da ake sarar itacen jirgi. Suwes, inda za a ƙera jiragen, ba ta da itace, ba ta ma da ruwan sha mai daɗi. Don haka sai an saro katako daga duwatsun Anadolu, an ɗauko shi ta Bahar Rum zuwa Iskandariya, an hau da shi kogin Nilu zuwa Alƙahira, an fafe shi gunduwa-gunduwa gwargwadon abin da raƙumi zai iya ɗauka, sa'an nan a ratsa hamada da shi zuwa Suwes a harhaɗa. Kowane jirgi da aka tura cikin ruwa a Suwes ya riga ya yi tafiya ta teku da ta kogi da ta tudu tun yana sassa. A 1510 mayaƙan Kirista na tsibirin Rodos suka afka wa ayarin jiragen katakon a Ayas suka hallaka shi, abin da ya tilasta wa al-Ghauri roƙon Sarkin Turkawa Bayazid na Biyu, wanda ya aiko masa da katako da bindigogi da albarushi da ƙwararrun matuƙa. Wannan daula ta Turkawa mai hedkwata a Santambul ita ma Usmaniyya ake ce mata, kada a rikita ta da tamu ta Sakkwato.

Dabarar ɗora jirgi a kan raƙumi ba a lokacin aka fara ta ba. A ƙarshen shekarar 1182, wani basaraken 'yan Salibiyya mai suna Reynald na Shatiyon, mai riƙe da sansanin Karak a ƙasar Jodan ta yanzu, ya sa an ƙera masa jirage sassa-sassa, aka kai su Aila a kan raƙuma, aka harhaɗa su a bakin ruwa. Mutanensa suka washe Aizab, tashar alhazai ta gaɓar Afirka, suka nutsar da jirgin mahajjata, suka ƙetara zuwa gaɓar Hijaz. Al-Adil, ƙanen Salahuddin, shi ma sai ya sa aka ɗauko jirage ta tudu zuwa Bahar Maliya, kwamandansa Husamuddin Lu'lu'u ya bi sawun maharan ya murƙushe su a farkon 1183. Matafiyin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya ga fursunonin da idonsa ana zagayawa da su a Iskandariya. Reynald kuwa Salahuddin da kansa ya kashe shi bayan yaƙin Hiddin a 1187.

A 1505 al-Ghauri ya tura Amir Husain al-Kurdi da ayarin farko. Husain ya tsaya a Jidda ya kewaye ta da ganuwa da hasumiyoyi, ya tilasta wa kowa aiki, attajiri da talaka, da irin tsananin da marubutan Makka ba su manta ba, har ma an ruwaito cewa ya sa an gine wani magini da ransa a cikin katangar saboda ya makara. Daga nan ya wuce Indiya, ya yi nasara a Chaul a 1508 inda aka kashe ɗan mataimakin Sarkin Fotugal a Indiya, amma uban, Francisco de Almeida, ya rama a Diu a watan Fabrairun 1509, ya ragargaza jiragen Masar. Ayari na biyu, mai jirage 19 da mutum kimanin 3,000, ya bar Suwes a 1515 a hannun Salman Rayis, wani gogaggen matuƙi daga ƙasar Turkawa. Maimakon ya nufi Indiya, sai ya ɓuge da yaƙi a Yaman, ya yi wa Adan ruwan igwa a 1516 bai ci ta ba, ya koma Jidda.

To, a daidai wannan lokaci ne ƙasa ta zame a ƙarƙashin ƙafafunsu. Sarki Salim na Turkawa ya karya rundunar Mamluk a Marj Dabiƙ a watan Agustan 1516, inda al-Ghauri ya rasu, ya shiga Alƙahira a Janairun 1517, kuma a watan Afrilu aka rataye Tuman Bai, sarkin Mamluk na ƙarshe, a ƙofar Zuwaila. Wato a watan da Turawan Fotugal suka iso, jirage da igwogin da ke tsaron Jidda mallakar daular da ta riga ta shuɗe ne, sojojin kuma ba su san wanda zai biya su albashi ba. Da wuya a sami lokacin da garin ya fi zama a buɗe ga maƙiyi.

Mutumin da aka miƙa wa mabuɗi ya ce sai ya dawo

Lopo Soares ya gaji Albuquerque a 1515, kuma 'yan adawar Albuquerque a fadar Sarki Manuel ne suka tsaya masa. Abin da aka fi tuna mulkinsa da shi shi ne sakin linzami, domin ya bar hafsoshi da kyaftin-kyaftin suna kasuwancin kansu yadda suka ga dama. A nan ne akwati ya shigo cikin labarin. A jiragen Fotugal masu zuwa Indiya, wani kaso na ladan ma'aikaci ba kuɗi ba ne, izini ne na cika akwati da hajja ya kai gida ba tare da biyan cikakken kuɗin fito ba, kuma yawan akwatunan mutum gwargwadon muƙaminsa. Akwatin nan, wanda kafintocin Kochin suka ƙware wajen yi da katakon Indiya mai ƙwari, shi ne kujerar matuƙi, shi ne teburinsa, a kansa yake kwana, kuma a cikinsa arzikinsa yake. Jirage kan cika da su har a rasa wurin taka ƙafa. Rundunar da kowane mutum a cikinta yake zaune a kan jarinsa ba ta cika ɗokin shiga bakin igwa ba, ko da yake a Jidda, kamar yadda za a gani, shugaban ne ya fi kowa jan ƙafa.

Ayarin ya bar Gowa a watan Fabrairun 1517. Da suka isa Adan, sai suka tarar da abin da Albuquerque ya zubar da jini bai samu ba yana jiransu a ɓagas. Igwogin Salman sun rurrushe ganuwar garin watanni kaɗan kafin nan, gwamna Amir Marjan ya san ba zai iya jure wani hari ba, saboda haka ya aika wa Lopo Soares mabuɗan birnin. Lopo Soares ya ce umarnin da aka ba shi na neman jiragen Sarkin Masar ne, a ajiye masa Adan sai ya dawo. Ya karɓi ruwa da guzuri da 'yan jagora, ya wuce mashigin Babul Mandab.

A cikin Bahar Maliya guguwa ta warwatsa su, suka yi asarar jirage da mutane tun ba a harba ko harsashi ɗaya ba. A hanya suka ci karo da wasu Kiristoci ma'aikatan jirage da suka gudo daga Jidda, waɗanda suka ba su labarin cewa gari a tsorace yake, kuma yawancin jiragen Salman an ja su kan tudu. Labarin gaskiya ne, sai dai masu ba da shi ba su iya kawar da duwatsun murjani ba. Jidda tana bayan jerin duwatsun murjani ne da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, hanyar shiga tashar kuwa 'yar siririya ce mai lanƙwashe-lanƙwashe, wadda dole jirage su bi ta ɗaya bayan ɗaya, sannu a hankali, suna juya gefensu ga tudu a kowace kwana. Salman ya sauke manyan igwogin jiragensa ya girke su a bakin gaɓa suna duban wannan mashigi, ya kuma hana mutanen gari tserewa. Duk jirgin da ya kuskura ya matso sai ya sha wuta. Ƙuɗubuddin an-Nahrawali, malamin Makka da ya rubuta littafin al-Barƙ al-Yamani a cikin ƙarnin, ya ba Salman da igwoginsa yabon korar maharan.

Turawan sun yi kwanaki a wajen tashar suna shawara. Sun ƙona wasu jirage kaɗan da suka samu a fili, amma ba su sauke runduna ba. Hafsoshi da yawa sun so a gwada shiga da ƙananan kwale-kwale, Lopo Soares ya ƙi. Hujjarsa ita ce sarkinsa ya aiko shi ya rusa jiragen Masar ne, ba ya ci gari ba, ga shi jiragen ba sa kan ruwa, daular da ta mallake su ma ta faɗi. Marubutan tarihin Fotugal na ƙarnin, irin su João de Barros da Castanheda da Gaspar Correia, sun kawo irin gunagunin da wannan shawara ta haifar a cikin runduna. Idan aka yi masa adalci, mai yiwuwa ne da ya kutsa mashigin da asarar ta fi haka. Laifinsa na gaskiya ya riga ya aikata shi a Adan, lokacin da ya shiga tekun da ba shi da tasha ko ɗaya a cikinsa, alhali an ba shi tasha kyauta ya ƙi karɓa.

Abin da ya biyo baya ya fi igwogin Jidda kisa. Lokacin iskar damina ta Tekun Indiya ya gabato, ba damar ƙetarawa gida sai bayan watanni, don haka ayarin ya koma tsibirin Kamaran da ke gaɓar Yaman ya yada zango a tsakiyar bazara. Ganga tana ɗaukar ruwa na 'yan makonni ne kawai kafin ya ƙare ko ya lalace, abinci ya yi ƙaranci, mutanen gaɓa kuma suka ƙi sayar musu da kome. Zafi da ƙishirwa da cuta suka shiga yi musu ɗauki ɗai-ɗai. Cikin waɗanda aka binne a tsibirin har da Duarte Galvão, dattijon da Sarki Manuel ya naɗa jakada zuwa Habasha, wanda ya rasu bai taka ƙasar da aka aike shi ba. Wani Bafulorantine mai suna Andrea Corsali da ke cikin tafiyar ya rubuta wasiƙa yana bayyana wahalar da suka sha. An ƙiyasta mutanen da wannan tafiya ta ci sun kai 800, mafi yawansu ba a fagen fama ba.

A watan Yuli yunwa ta kora su zuwa Zaila a gaɓar Somaliya, suka tarar mayaƙan garin sun tafi yaƙi da Habasha, suka washe shi suka ƙona. Da suka koma Adan karɓar alkawari, Amir Marjan ya riga ya gyara ganuwarsa tsaf, ya kuma ga halin da suke ciki. Bai ba su mabuɗi ba. Ayarin ya watse, kowane jirgi ya nemi hanyarsa, kuma a 1518 aka maye gurbin Lopo Soares da Diogo Lopes de Sequeira.

A cikin shekarar 1517 ɗin ce Sharifin Makka, Barakat, ya tura ƙaramin ɗansa Abu Numayyi zuwa Alƙahira ya yi mubaya'a ga Sarki Salim, Hijaz ta shiga hannun Turkawa har tsawon shekara 400. Husain al-Kurdi, wanda ganuwarsa ta taimaka wajen ceton garin, bai ci moriyar aikinsa ba, domin an fita da shi cikin teku a gaban Jidda aka nutsar da shi. Salman ma kashe shi aka yi a Yaman bayan kimanin shekara goma. Turawan Fotugal sun sake shigowa da babban ayari a 1541 a ƙarƙashin Estêvão da Gama, ɗan Vasco, suka washe Sawakin, suka kai har Suwes, suka tarar ana jiransu, suka juyo. Jidda dai ba ta taɓa shiga hannunsu ba.

Daga akwatin matuƙi zuwa gadon Di'o

Turawan da suka gaji Fotugal a Tekun Indiya, musamman Ingilishi, sun ɗauki darasin tasha da muhimmanci, shi ya sa suka kama Adan a 1839 suka riƙe ta har 1967. Sun kuma ɗauki akwatin matuƙi suka mayar da shi sana'a mai zaman kanta. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa ƙarshen na 19, hafsan sojan Ingila da za a tura Indiya ko Afirka da kuɗinsa yake sayen kayan ɗakinsa, kuma kafintocin Landan irin su Thomas Butler da kamfanin Morgan da Sanders sun yi suna wajen ƙera kayan da ake kwancewa ba tare da guduma ko ƙusa ba. Daga baya kantin Army and Navy, wanda hafsoshi suka kafa a 1871, ya riƙa sayar da su ta littafin talla.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne kabad mai aljihuna da ake raba shi gida biyu, sama da ƙasa, ta yadda alfadari zai ɗauki rabi a kowane gefe nauyin ya daidaita. Ƙafafunsa murɗawa ake yi a cire. Mariƙansa na tagulla a nutse suke cikin katakon, ba sa fitowa waje balle su maƙale da igiya ko su karye, kusurwoyinsa kuma an lulluɓe su da tagulla saboda faɗuwa. Ana yin sa da maɗaci ko da katakon tik, wanda ke jure laima da ƙwari. Akwai teburin cin abinci mai naɗewa ya koma kamar jaka, akwai akwatin da idan an buɗe shi sai ya zama teburin rubutu, akwai gado mai sandunan rataya gidan sauro. Ba Ingilishi kaɗai ba, Napoleon na Faransa ma yana da gadon ƙarfe mai naɗewa da wani maƙeri mai suna Desouches ya yi masa, kuma a kan irinsa ya cika a tsibirin Santa Helena a 1821.

Sai dai kayan da aka yi don sauƙaƙa tafiya su ne suka zama nauyinta. A lokacin da rundunar Ingila ta nufi Afganistan a 1839, raƙuma kimanin 30,000 ne suka bi ta, kuma an rubuta cewa wani birgediya shi kaɗai raƙumi 60 ne ke ɗauke da kayansa. Yadda wannan yaƙi ya ƙare a 1842 sananne ne. Yaƙin Buwa na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, inda manoma a kan dawaki suka riƙa wahalar da rundunonin da ke jan keken shanu cike da kaya, shi ya kashe kasuwar manyan kabad ɗin. Abin da ya maye gurbinsu shi ne irin kujerar Rurki, mai sunan garin da injiniyoyin sojan Indiya suke da bariki, wadda sanduna ne kawai da tamfol da ɗaurin fata, ba manne ba ƙusa, ana zare ta a naɗe a jaka, kuma da yake gaɓoɓinta a sake suke, tana zama daram ko a ƙasa mai gargada. Wani mai zanen kayan ɗaki ɗan Denmak, Kaare Klint, ya kwaikwaye ta a 1933, kuma har gobe ana ƙera irinta.

Wannan sabon salo mara nauyi shi ne ya iso ƙasar Hausa. Rundunar da Lugga ya tura ta ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris, da Razdan-Razdan da Di'o-Di'on da suka biyo baya suna rangadi, ba alfadari ne ma'auninsu ba, kan mutum ne. An ƙayyade kayan ɗan dako a kimanin fam 60, wato kilo 27, saboda haka akwatin abinci da akwatin tufafi na kwano, wanda gara ba ta ci, da gadon tamfol da bahon wanka na tamfol da teburi mai naɗewa, duk an yi su ne daidai wuyan talakan da dagaci zai tsamo daga ƙauye, sau da yawa ba da son ransa ba. Littattafan tallan kayan sun cika da bayanin sauƙin ɗaukarsu, ba su dai faɗi wanda ke ɗaukar ba.

Su kuwa waɗanda suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da dubban talakawan da suka riƙa takawa a ƙasa ta Chadi da Sudan suna noma da ƙwadago a hanya, ta Sawakin suke ƙetarowa zuwa Jidda, wato ta tekun nan da Salman ya tsare. Da yawa ba su koma ba, zuriyarsu na daga cikin waɗanda ake kira Takari, kuma sun daɗe a unguwannin kudancin birnin irin su Karantina, kafin rusau ɗin da hukuma ta fara a ƙarshen 2021 ya tashi da dama daga cikin unguwannin.

Ganuwar Jidda, wadda aka yi ta gyarawa a kan harsashin Husain al-Kurdi, an rushe ta a 1947 don gari ya sami sararin faɗaɗa, a shekarar da aka jawo masa ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Faɗima. Kafin nan da tafkunan tara ruwan sama yake rayuwa, da kuma injin tace ruwan teku da Turkawa suka girka a farkon ƙarni na 20, wanda mutanen gari ke kira Kindasa. Tsohon garin ya shiga jerin wuraren tarihi na hukumar UNESCO a 2014, kuma masu tonon kayan tarihi sun gano sassan ganuwar da ramin da ya kewaye ta a ƙarƙashin tituna. Birnin ya miƙe kudu har ya haɗiye Khumra, inda a 2019 hukumar tashoshin ruwa ta Saudiyya ta ƙaddamar da babban filin ajiyar kwantenoni. Kasuwar Sawarikh, wadda sunanta ke nufin makamai masu linzami, kuma ana cewa daga wani sansanin soja da ke kusa ta samo shi, ta daɗe tana tara kayan mutanen da zamansu a Jidda na wucin gadi ne, ma'aikata 'yan Indiya da Masar da Yaman da Afirka, waɗanda idan kwangila ta ƙare sukan sayar da gado da kabad da kujeru masu naɗewa a kan kuɗi kaɗan, su sayi akwati su cika shi da tsaraba gwargwadon kilon da kamfanin jirgin sama ya yarda a ɗauka.